Benci Ɗari Biyu da Arba'in

Fanne ce ta fara lura cewa salla ta soma yi wa mahaifiyarta wuya. Da asuba Ya Kaka takan yi ruku'u, sai ta tsaya a haka, hannu biyu a gwiwa, kamar wadda ta manta abin da ke biyo baya. Ba mantuwa ba ce. Bayanta ne yake ƙin miƙewa. Sai ta lalubi bango, ta cije leɓe, ta taso a hankali tana karatu da wata siririyar murya da ke sa zuciyar Fanne ta yi nauyi har wunin ranar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Ya Kaka tana sharar wata makarantar firamare a unguwar Dogo Nini da ke Potiskum, tun rasuwar mahaifin Fanne. Aji goma sha biyu, da ofishin hedimasta, da doguwar baranda, da masai shida waɗanda take ɗebo wa ruwa daga famfon bakin ƙofa, bokiti biyu a hannu. Da 'yar gajeriyar tsintsiyar kwakwa take yi, a sunkuye, hannun hagu a bayan ƙugu, yadda ta ga uwarta tana yi. Da an buɗe gari daga dokar hana fita ita ce farkon mai fita a layinsu.

"Iya, yau ki zauna," in ji Fanne, tana riƙe da mayafin ta ƙi bayarwa. "Wallahi makarantar nan ba za ta rushe don ba a share ta rana ɗaya ba."

"Ke kika gina ta, da za ki san abin da zai rushe ta? Miƙo min mayafina."

"Ki ga yadda kike jan ƙafa fa."

"Ƙafata ce, in ja ta in ɗauke ta a kai. Miƙo."

Da yamma Fanne ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarsu Sista Ene. Ene 'yar Binuwai ce, ma'aikaciyar jinya a asibitin gwamnati. Lokacin da gari ya yi zafi, mutanensu da yawa suka ɗaure kaya suka koma gida, ita kuwa ta ce marasa lafiyarta ba su koma ko'ina ba. Ta shigo da silifas ɗinta, ta sa Ya Kaka ta kwanta rigingine a tabarma, ta kama ƙafarta ta dama ta ɗaga a miƙe. Ba ta kai ko'ina ba Ya Kaka ta saki salati.

"Daga ina kake jin shi, Mama?"

"Shekara nawa ina gaya miki ni mace ce, ki daina ce min ka?"

"To, ka yi haƙuri. Daga ina?"

Ya Kaka ta yi dariya duk da zafin, ta nuna daga kwankwaso, ta bi bayan cinya har diddige. Ta ce wani lokaci 'yan yatsun ƙafar sukan mutu, ta taka ƙaya ba ta ji ba.

Sista Ene ta daina wasa. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta ce ƙashin baya ne ya danne jijiya, kuma sunkuyo ne ya jawo, da bokitan nan biyu. Ƙwayar da Ya Kaka take saya a kemis da man zafin da Fanne take shafa mata ɓoye ciwon kawai suke yi. Ta tashi ta gwada musu yadda ake ɗaukar kaya, a lanƙwasa gwiwa a bar baya a miƙe, bokiti ɗaya rabin ciki.

"Amma babban abu, sunkuyo ya ƙare. A nemo tsintsiya mai dogon hannu. In ka ci gaba haka, Mama, ƙafar nan wata rana za ta ƙi tashi. Ni na ga irinsa, ba labari nake ba ka ba."

"Na ji," in ji Ya Kaka. Fanne ta san wannan "na ji" ɗin. Babu komai a cikinsa.

Washegari da la'asar Modu, saurayin Fanne, ya zo. Dokar hana fita ta mayar da zance na rana tsaka, saurayi ya zo da inuwarsa ya koma da ita. Modu ɗan acaɓa ne a da, kafin a hana hawa babur a garin. Yanzu yana aikin kafinta a wata rumfa kusa da kasuwa. Jan babur ɗinsa yana nan a zauren gidansu, lulluɓe da tsohon bargo, kuma duk Juma'a sai ya yaye bargon ya goge shi tas, ya hura wa madubansa iska ya murza da gefen riga, sannan ya mayar ya rufe. Shekara huɗu yana haka. Fanne takan ce masa da ita ma za ta samu rabin wannan kulawa da ta yi ƙiba.

Ranar ba ta yi tsokana ba. Tana ba shi labari hawaye na zubo mata, shi kuma ya rasa inda zai sa hannunsa, sai murza hularsa yake yi.

"Daina kuka, don Allah. In dai sanda ce, ai aikina ne. Ki ba ni kwana biyu."

Kwana biyu ya dawo da ita. Sanda ce doguwa mara nauyi, ya goge ta da samfefa har tana santsi, ya ɗaure tsintsiyar kwakwa a ƙarshenta da robar tayar keke, ya auna tsawon daidai kafaɗar Ya Kaka, wadda ya ƙiyasta da ido tun daga nesa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya miƙa da hannu biyu.

Ya Kaka ta juya ta, ta shafa, ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan. Hannunka na da kyau." Sai ta ƙara da cewa, "Amma mace ta yi shara a tsaye, kamar mai tuƙa kwalekwale? Mutane su ce Ya Kaka ta zama ma'aikaciyar banki." Ta jingine ta a bayan ƙyaure. Da safe Fanne ta ga ta kaɗe yanar gizo da ita, ta mayar, ta ɗauki gajeriyarta ta fita.

Modu ya yi kwana uku bai zo ba. Da ya zo sai ya ce, idonsa a ƙasa, "Fanne, gaya min gaskiya. Sandar ce ba ta so, ko mai sandar?"

Kafin Fanne ta gama rarrashin wannan sai ga wani. Malam Muhammadu Lawan, hedimastan makarantar, ya aiko a kira ta. Mutum ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya ba ta kujera, ya daɗe yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Jiya na samu mahaifiyarki a ƙasa a aji huɗu. Ta riƙe ƙafar benci, ta kasa tashi. Malamai biyu mata suka ɗaga ta, ta roƙe mu kada mu gaya miki." Ya numfasa. "Saura mako biyu a yi hutu. In har ba ta daina wannan sunkuyon ba, zan rubuta wa ofishin ilimi su turo wani. Na ma rubuta, ga ta nan, ban dai kai ba. Ba ƙinta nake yi ba, 'yata. Ba na so ta naƙasa a hannuna."

Fanne ta fito ta kama hanyar gida. Ta san abin da aikin nan yake a wurin mahaifiyarta. Da shi ta riƙe gida, da shi ake gaishe ta a layi, kuma duk yaron da ya yi makarantar a shekara goma sha ɗaya, in ya gan ta a kasuwa sai ya rusuna. A raba ta da shi, an raba ta da kanta. A bar ta a kai kuma, ƙafa ta tafi. Ga mafita a jingine bayan ƙyaure tana kaɗe yana!

Ta isa gida da fushi. "Iya, saboda kada a ce kin yi shara a tsaye za ki gurgunta kanki? Wa zai ce? Su waye mutanen? In kin kwanta, su za su zo su juya ki?"

Ya Kaka tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba. "Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To in kin gama ki ɗora ruwa."

Ranar Laraba da asuba Ya Kaka ta kasa tashi kwata-kwata. A kwance ta yi salla. Fanne ta ce a ranta ga dama ta samu. Ta sa hijabi, ta ɗauki makullan ajujuwa da sandar Modu, ta ce, "Yau ni zan yi. Ki kwanta." Mahaifiyarta ta kira sunanta sau biyu, ba ta waiwaya ba.

Ashe shara a tsaye daɗi gare ta. Tsintsiyar tana shiga tsakanin benci da benci ba sai an duƙa ba, tana jawo ɓawon gyaɗa da guntayen alli da takardu. Fanne ta bi aji bayan aji har tana 'yar waƙa. Abin da mahaifiyarta take kwashe awa biyu tana yi, ita ta gama cikin ƙasa da awa ɗaya, ko gumi ba ta yi ba. Ta fito baranda tana ƙissima yadda za ta koma gida ta ba da labari.

Sai ta ji motsi a aji ɗaya.

Ta leƙa. Ya Kaka ce. A Keke Napep ta biyo ta, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Tana ƙasa a kan gwiwoyinta, a dandamalin da Fanne ta share tas, tana rarrafe. Bencinan makarantar irin masu haɗe da tebur ne, kowanne da aljihu a ƙarƙashin teburin inda yara ke tura littattafai. Ya Kaka ta ja jiki zuwa benci, ta karkata kai ta leƙa aljihun, ta ƙara duƙawa ta leƙa ƙasan wurin zama, leɓenta ya motsa, sannan ta ja jiki zuwa na gaba. Duk ja ɗaya sai ta runtse ido.

"Iya! Me kike yi? Na share ai!"

"Kin share." Numfashinta na sarƙewa. "Kin duba?"

"In duba me?"

Ya Kaka ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar benci. Ta daɗe tana kallon allo. Da ta fara magana, muryarta ta yi ƙasa sosai, kamar yaran suna ajin.

"Kin tuna Litinin ɗin nan, shekara biyu da suka wuce, da bam ya tashi a makarantar maza suna kan layin taron safe?"

Wa zai manta? Fanne ta tuna yadda kwanon rufin gidansu ya amsa, da yadda iyaye mata suka fito a guje ba takalmi. Kafin wannan ga harin da aka kai makarantar Mamudo, wanda har yau mutane ba sa son ambata.

"Da aka sake buɗe makarantu," in ji Ya Kaka, "ranar farko ina bakin ƙofa da bokitina, wata mata ta kawo 'yarta. 'Yar ƙarama, da kitso biyu. Ta kawo ta har ƙofa ta kasa sakin hannunta. Yarinyar na ja, uwar na riƙewa. Sai ta dube ni, ta kama bakin zanena ta ce, 'Baba, ke ce farkon shiga. Don Allah ki riƙa duba mana.' Ban san sunanta ba. Na ce mata to."

Ta shafa cinyarta mai ciwo.

"Tun ranar. Kowane benci, ciki da ƙasa. Ashirin a kowane aji. In ina tsaye, 'yar nan, me zan gani? Saman tebur? Wanda zai ajiye mugun abu a saman tebur zai ajiye? Sandar yaron nan ba ta da laifi. Ido ne ba ta da shi."

Fanne ta lissafa a zuci: aji goma sha biyu, benci ɗari biyu da arba'in, kullum, shekara biyu. Ta durƙushe a gaban mahaifiyarta kuka ya ƙwace mata. Ita da take zaton girman kai ne! Ita da ta ɗaga mata murya a kan faifan shinkafa!

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Iya?"

"In faɗa wa wa? Malam ya tara mu ya ce kada wanda ya ƙara maganar bam a makarantar nan, yara sun tsorata isasshe. Gaskiyarsa ne. In suka ji ana leƙa ƙasan bencinsu, wa zai zauna a kai ya yi karatu? Shara kowa ya san shara ce. Kada ki kai wa Malam wannan magana, kin ji ko?"

"Kin taɓa samun wani abu?"

Nan fuskar Ya Kaka ta saki, har da murmushi. "Ƙwallon dabino. Murfin biro. Mataccen ƙadangare. Takalmi ƙafa ɗaya. Wata rana wasiƙa, ɗan aji shida ya rubuta wa wata, na kai wa wata malama ta karanta min muka yi ta dariya. Ban da su ban taɓa samun komai ba. Kowane benci na leƙa na ga wayam sai in ce alhamdulillahi. Wa ya kai ni samun abin godiya da sassafe? Tashi ki goge ido, saura aji goma sha ɗaya, yara sun kusa zuwa."

Fanne ce ta duba sauran, a kan gwiwoyinta. Kafin ta kai aji na bakwai bayanta ya riƙe, ita mai shekara ashirin da ɗaya.

Hedimasta aka ce kada ta gaya wa, ba Modu ba. Da la'asar ta zayyana masa komai a ƙofar gida. Ya saurara yana ta murza hularsa, har ta fara jin haushi.

"Ka yi magana mana."

"Ina tunani ne. Shekaranjiya mun ɗauko katako a mota, aka tsayar da mu a shingen sojoji na hanyar Gadaka. Kin san ba sa kwanciya a ƙasa su leƙa ƙarƙashin mota. Wani madubi gare su a kan sanda, su zura shi kawai, suna tsaye."

"To mu ina za mu samu irin na soja?"

Modu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ɗauko min sandar nan."

Ranar Juma'a da sassafe, gari ya buɗe ke nan, sai ga shi a ƙofar makaranta. Ya Kaka ta ɗan samu sauƙi, ta zo dafe da kafaɗar Fanne. Sandar tana hannunsa, kanta na sama naɗe da tsumma.

"Sai da na rufe," in ji shi, "kada sojoji su ce na sace musu sana'a."

Ya warware tsumman. A ɗaya ƙarshen sandar, kishiyar ɓangaren tsintsiya, ya ɗaure madubi da noti, a karkace yana kallon sama, da 'yar tocila manne a gefensa. Fanne ta gane shi nan take. Baƙin murfi, da ɗan jan fenti a wuyansa. Madubin dama na babur ɗinsa ne, wanda yake hura wa iska duk Juma'a.

"Modu," ta ce a hankali.

"Bari kawai," ya ce, bai dube ta ba.

Suka shiga aji biyu. Ya gwada: a share da wannan kai, a juya, a kunna tocila, a zura madubin bakin aljihun tebur, a sauke shi ƙasan wurin zama. Mutum na tsaye ƙyam. Ya Kaka ta karɓa tana harararta kamar baƙuwar da ba a gayyata ba.

"Ni ban yarda da idon ƙarfe ba. Sai ya ga abin da nawa zai gani." Ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwallon dabino ta ba Fanne. "Zan juya baya. Ki ɓoye shi inda kika ga dama, kada ki tausaya min. In ya wuce shi, ɗan nan ya ɗauki kayansa, ni in koma gwiwata."

Fanne ta duba Modu. Ranta ya raya mata ta ajiye shi a bakin aljihu inda ko makaho zai gani. Amma ta tuna matar nan da ta kama bakin zane. Ta je layi na uku, ta cusa shi can ƙuryar aljihu, bayan wani ƙusa.

Ya Kaka ta fara. Da fari hannunta bai saba ba, madubin yana nuna mata silin, yana nuna mata haɓarta, ta ce, "Kai, wace tsohuwa ce wannan?" A benci na huɗu ta gano karkatar. Daga nan ta bi layi a tsaye, bayanta a miƙe, leɓenta na motsi a kowane benci. Ta gama layi na ɗaya, ta gama na biyu. A layi na uku Ya Kaka ta zura, ta zare, ta yi taku ɗaya gaba, sai ta tsaya. Ta dawo. Ta ƙara zurawa, ta murza sandar kaɗan.

"Ga shi can bayan ƙusa, muguwar yarinya."

Fanne ta yi tsalle ta rungume ta, Ya Kaka na cewa, "Bayana, bayana!" Modu ya juya yana kallon taga yana jan hanci, wai ƙura ce ta shige shi.

"Me ake yi a nan?"

Malam Muhammadu Lawan ne a bakin ƙofa, jakarsa a hammata. Ya dubi madubin, ya dubi tocilar, ya dubi Ya Kaka. Duk wanda ya zauna a Potiskum a shekarun nan ya san amfanin madubi a kan sanda. Babu abin ɓoyewa kuma. Ya Kaka ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, na saɓa maka," ta faɗa masa komai a taƙaice, yadda ta faɗa wa Fanne.

Malam ya shigo a hankali ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka dawo."

"Kullum?"

"Ban da ranar da babu makaranta."

Malam ya bi bencinan da kallo. "Ni kullum ina tsaye a ƙofa ina buɗe jakunkuna, ina ganin na tsare makaranta. Ban taɓa leƙa ƙasan benci ko ɗaya ba." Ya shafa teburin da ke gabansa. "Ikhlas, autata, a ajin nan take zama. Layi na biyu." Ya buɗe jaka ya ciro takardar da ya rubuta wa ofishin ilimi, ya ninke ta huɗu, ya miƙa wa Ya Kaka. "Sa wannan cikin sharar yau. Ruwan masai kuma daga yau a baro za a riƙa kawo shi, na haramta miki bokiti. Na gode, Ya Kaka. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba."

"In yara suka ga madubin fa, ranka ya daɗe?"

"Kafin su zo kin gama. In sun gani, ki ce jemagu kike nema."

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Sista Ene ta ce jijiyar da aka daɗe ana dannewa ba ta huce fushi da wuri, ta koya mata wasu miƙe-miƙe da za ta riƙa yi a tabarma, waɗanda Ya Kaka take yi sai an rufe ƙofar gida. Amma aka yi hutu aka dawo, 'yan yatsun ƙafar suka farfaɗo. Wata asuba Fanne tana bayanta a sallaya, ta ga ta yi ruku'u ta taso ba ta nemi bango ba. Fanne ta ƙarasa sallarta da hawaye, ta daɗe a zaune tana yi wa Modu da Sista Ene da Malam addu'a da sunansu, da matar nan da ta kama bakin zane, wadda ba a san sunanta ba.

Da la'asar ɗin ranar Modu ya zo. Ya Kaka ta fito da kanta da kofin kunun tsamiya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗan nan, ya babur ɗin?"

"Yana nan, Iya. Ido ɗaya ya ishe shi, ba inda za shi."

"Aro na karɓa, ka sani. Ranar da gari ya kwanta aka ce ku hau baburanku, ka zo ka kwance abinka. Ranar ni ma na gama dubawa." Ta ajiye kofin a gabansa. "Amma ba sai ka jira wannan ranar ba kafin ka turo kawunka. Kana ta cinye mana inuwar ƙofar gida."

Ta koma ciki tana takawa a miƙe. Modu ya ɗauki kofin da sauri har kunun ya zuba a rigarsa, Fanne ta rufe fuska da hijabi tana dariya.

Washegari, da aka buɗe gari, Ya Kaka ce farkon fita a layin. Ta buɗe aji ɗaya, ta share shi a tsaye, ta juya sandar, ta hura wa madubin iska ta murza shi da gefen mayafinta. Ta zura a benci na farko. Wayam.

"Alhamdulillahi," ta ce, ta matsa na biyu.